Gyaɗa Kai a Hawa na Uku

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Jiya da yamma sun raba Zahari da jirginsa. Dakatarwa suka kira abin, wai har kwamitin bincike ya gama aikinsa. Shekara goma sha huɗu ɗana ya yi a rundunar ruwa kafin a damƙa masa Zornitsa, tsohon jirgin sintirin da ya girme shi da shekara shida, amma cikin minti biyar wani ya miƙa masa takarda a bakin tasha ya ce ya kwashe kayansa. In kwamitin ya ce laifinsa ne, ba zai ƙara riƙe jirgi ba har ya mutu. Wanda bai san Zahari ba zai ce ai ba kashe shi aka yi ba.

Wannan littafin don girke-girke na saye shi. Shafi biyu na cika, sai ga shi ya samu wani aikin. Shekara talatin da ɗaya ina buga takardu a hawa na uku na hedikwata, na ga admiral bakwai da mataimakan minista goma sha ɗaya sun zo sun wuce, ban taɓa rubuta kalma ɗaya ta kaina ba. Yau zan fara, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mutum biyu teku ya ci ranar Talata. Ina ɗakin lokacin da aka nemi izinin fita. Na rubuta abin da na gani.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Penka, wadda teburinta ke kallon nawa shekara ashirin, ta ajiye mini banitsa, wainar fulawa mai cuku, da zafinta ta ce in ban ci ba za ta ɗura mini. Na ci rabi don ta ƙyale ni.

Bari in jera abin yadda ya faru, ko kaina zai daina juya shi. Doka ce tun bayan canjin mulki: babu jirgin soja da zai wuce mil goma sha biyu daga gaɓa sai farar hula ya yarda. Kyaftin ya tambayi kwamandan sansani, kwamanda ya tambayi Admiral, Admiral ya hau bene ya tambayi mataimakin minista. In ya yarda, ni nake buga takardar izini in kai masa ya sa hannu. Ni ban ƙi dokar ba. Na tuna zamanin da masu kaki ba sa tambayar kowa, kuma ba na fatan a koma.

Ranar Talata, goma da minti arba'in na safe, Admiral Dramov ya shigo ofis ruwa na ɗiga daga kwat ɗinsa. Ya ce masunta uku ne, injinsu ya mutu mil goma sha takwas daga gaɓa, iska na ƙaruwa, Zornitsa a shirye yake. Gospodin Gochev, wato Malam Gochev, mataimakin ministan, yana kan waya da manyan Sofiya, babban birninmu. Bai sauke wayar ba. Ya dubi Admiral ya gyaɗa kai sau biyu, ya ci gaba da cewa wancan na wayar ya saurara masa. Admiral ya ɗan tsaya, ya ce ya fahimta, ya sauka. Na buɗe rajista na rubuta: an nemi izini, ba a bayar ba.

Awa huɗu Zahari ya yi a bakin tasha da injuna a kunne yana jira. Wani jirgin kaya na Turkawa ne ya tsinci mutum ɗaya da rai wajen ƙarfe biyu da rabi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Teku ya kwanta luf. Sai ka ce ba shi ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau wasan ya fara. Gospodin Gochev ya rantse a gaban kowa cewa shi ya ba da izini. Admiral ya ce shi da idonsa ya ga an hana. Abin haushin, babu maƙaryaci a cikinsu.

Mu 'yan Bulgariya in mutum ya gyaɗa kai sama da ƙasa, a'a yake nufi. In ya karkaɗa shi gefe da gefe, eh ke nan. Sauran duniya ce take yinsa a juye, mun kuma haƙura da ita. To shi Gochev yana ɗan shekara tara iyayensa suka tafi da shi Kanada, bai dawo ba sai da furfura ta fara fito masa. Harshenmu na bakinsa ras, har zagin kasuwa ya iya, amma wuyansa can aka raine shi. Jam'iyya ta ɗauko shi ta ɗora a kan rundunar ruwa don yana da digiri uku da takalma masu kyau. Mutumin da ko kwale-kwalen yawon shaƙatawa ya hau sai ya yi amai.

Admiral kuwa shekara arba'in yana ba da umarni, bai taɓa koyon sake tambaya ba. A wurinsa soja ya ce wa farar hula "me kake nufi?" daidai yake da juyin mulki. Watansa biyar ya rage ya yi ritaya, an riga an ba da ɗinkin akwatin lambar yabonsa.

Na ji su ta ƙofa. Gochev na cewa shi mahaukaci ne da zai hana a ceci mutane? Admiral na cewa shi ba ya aiki da zato. Sai Gochev ya danna ƙararrawa. Na leƙa na ce ko kofi, ya gyaɗa kai, na kawo.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Mako ɗaya. Goma da arba'in ta same ni a ban-ɗaki, na kulle ƙofa na tsaya har ta wuce.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Sun samo mafita, kuma ɗana ne mafitar. Wani lauyan ma'aikata ya tono sashe na arba'in da bakwai, wanda ya ce in rai na cikin haɗari kyaftin yana iya fita da ra'ayin kansa, ya yi bayani daga baya. Yana iya. Kalma biyu suka rataye shi da su. Mataimakin minista bai hana ba, Admiral bai yi kuskure ba, kyaftin ne bai yi amfani da hankalinsa ba.

Shekara uku da suka wuce wani kyaftin ya yi amfani da hankalinsa ya fita ba izini, don wani jirgin ruwa da ya kama da wuta. Ya ceto mutum biyar. Sun sallame shi, suka tara duk hafsoshi a babban zaure suka karanta musu darasi a kan biyayya ga mulkin farar hula. Zahari yana layi na biyu ranar. Yanzu mutumin yana sayar da tayoyi a hanyar garin Dobrich. Na faɗa wa lauyan haka a bakin lif, ya ce mini kowane lamari da yanayinsa, Gospoja Balabanova, wato Uwargida Balabanova, ni ke nan. Allah ya ba shi yanayinsa shi ma.

Da na dawo teburi Penka ta ce abin dariya ne a ce ginin nan mai hawa biyar, cike da masu taurari a kafaɗa, ni kaɗai nake gane kan Gochev. Da wasa ta faɗa, tana neman abin huda takarda. Na ce mata ta gyara gilashinta, ga shi nan a gabanta.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gidansu da tukunyar wake. Desi, matar Zahari, ta buɗe mini ta ce yana baranda tun safe. Na same shi da taswira a kan gwiwa da fensir a hannu. Ya rame. Ya ce, "Mamo, zauna ki gani," ya nuna mini layin da ya ja. Minti saba'in zuwa wurin, in injin hagu ya yi halin kirki. In ya ƙi, awa biyu. Stamat, wanda aka tsinta da rai, ya ce sai bayan ƙarfe ɗaya jirginsu ya kife. Ko ta yaya aka lissafa, da sun isa.

Na ce masa ai ya san injin nan na hagu. Sau bakwai na buga takardar neman a gyara shi, sau bakwai Sofiya ta dawo da ita da jan biro. Na san jirgin nan fiye da masu hawansa, a takarda na san shi. Na san inda ƙarfensa ya ci, na san famfon da ke tsotse ruwa yana aiki ne in ya ga dama. Ranar Talata ta tagar ofis ina kallon igiyar ruwa tana tsallake katangar tasha kamar ba a gina ta ba.

Ya ce jirgi ba takarda ba ne, shi ya san yadda zai lallaɓa shi. Ya ce laifinsa ne, da ya kwance igiya kawai ya tafi. Na ce kar in sake jin wannan maganar a bakinsa. Desi ta kawo kofi, muka yi zancen tsadar man zaitun.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je coci, na sayi kyandir biyu don masuntan da suka mutu, na kunna su a tiren yashi na ƙasa, inda ake kunna wa matattu. Ban iya faɗin sunayen ba. Vangel da Anesti. A nan dai na rubuta.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Kwamitin ya iso daga Sofiya, mutum uku, shugabansu wani tsohon alƙali mai suna Harizanov. Abin da suka fara tambaya shi ne inda ake cin kifi mai kyau. Sun manna wata babbar takarda a bangon zaure, an zana akwatuna an haɗa su da layuka, daga shugaban ƙasa har zuwa kyaftin. Suna ƙaunar takardar nan. Duk wanda ya shiga sai an nuna masa akwatinsa.

Gochev ya shiga ya fito yana murmushi. Yanzu ya daina motsa kai gaba ɗaya, tafiya yake kamar wanda ya kwana a kan wuya. Ko ruwa aka tambaye shi sai ya ce "eh, na yarda," da babbar murya, ya waiwaya ya ga ko an ji. Ya ba da umarnin a buga sanarwa cewa daga yau duk izini da baki za a faɗe shi. Ni na buga. Kwana goma sha biyar ta makara, amma an buga mata hatimi mai kyau.

An ce za a kira ni ranar tara ga wata mai zuwa, don in tabbatar da rajista. Minti biyar kawai, in ji sakatarensu. Na rubuta abin da na gani, shi zan ce.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Keratsa, matar Vangel, ta zo ƙofar hedikwata da safe. Baƙaƙen kaya, jakar leda a hannu. Masu gadi suka hana ta shiga, aka rasa wanda za a tura, aka tura ni, tunda ni mace ce kuma ba ni da tauraro.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce mijinta shekara hamsin yana kamun kifin palamud, bai taɓa neman komai wurin gwamnati ba sai ranar. Anesti mijin 'yarta ne, 'yar na da ciki wata bakwai. Ta ce ita ba diyya ta zo nema ba.

"Ina son in ga fuskar wanda ya ce a'a," in ji ta. "Kallo ɗaya zan yi masa in tafi. Ke kina ciki, 'yar'uwa, wane ne?"

Na ce ana bincike. Ta ce an ce wai kyaftin ɗin ne matsoraci. Na ce ƙarya ne, ɗana ne, kuma ba matsoraci ba ne. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce to Allah ya ba ni haƙuri ni ma. Ni take ba wa haƙuri. Ta kama hannuna da hannu biyu, tafinta kamar busasshen burodi. Na hau bene na koma teburina.

Asabar, 30 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Ban yi ƙarya ba. Gochev ya gyaɗa kai. Duk ɗan ƙasar nan da ya ga haka abin da zai rubuta ke nan.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Penka ta daina yi mini wasa. Banitsa ɗaya take sayowa yanzu. Da rana na ɗago na same ta tana kallona ta saman gilashi, na ce lafiya? Ta ce lissafi take yi. Na ce na me? Ta ce kofi nawa na kai wa Gochev cikin shekara biyu, kuma sau nawa na kai ya ce bai ce a kawo ba.

Na ce ta yi aikin gabanta. Ta kira ni da sunana, Rumi, ta ce shi take yi. Shekara ashirin, yau ce rana ta farko da muka fita ba tare ba.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Na gaji da kewaye-kewaye. Littafin girki ne, ba zai kai ni ƙara ba.

Na sani. A daƙiƙar da Gochev ya gyaɗa kan na san eh yake nufi. Shekara biyu kullum ina tambayarsa kofi, ina tambayarsa ko a shigo da baƙo, ko a kira direba. Na san wuyansa kamar yadda na san kujerata. Na ga Admiral ya fahimce shi a juye, na ga ya juya zai fita. Tsakanin teburina da ƙofa taku huɗu ne. Kalma uku sun isa: eh yake nufi. Ko in yi shiru in buga takardar izini in kai masa, ya sa hannu ba tare da ya duba ba kamar kullum, in sauka da ita da gudu.

Na dubi taga. Na tuna injin hagu. Na ɗauki biro.

Ba tunani na yi ba, kar in yi wa kaina ado. Hannuna ne ya yanke, ni kuma na bar shi. Na ce a raina wani jirgin zai tsince su, ai teku cike yake da jirage. Ƙarfe sha biyu na ga Gochev ya fita cin abinci da baƙi yana fito, hankalinsa kwance, yana zaton jirgi ya tafi. Ko a lokacin, da na yi magana da an isa. Na zauna na buga jadawalin hutun ƙarshen shekara.

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ranar Waliyyi Nikola, waliyyin masunta da ma'aikatan jirgin ruwa. Duk garin warin soyayyen kifi, jiragen tasha sun sha tutoci, limamin coci ya yayyafa musu ruwa, Gochev ya jefa furanni a teku ya kusa bin su. Zornitsa na can gefe, ba tuta.

Desi ta cusa wa kifi shinkafa da gyaɗa ta gasa, ta yi ƙoƙari. Kowace shekara Zahari ne ke yanka kifin yana tsokanata cewa ni ce admiral ɗin gaskiya, sauran masu riƙe mini jaka ne. Bana bai yi ba. Ya zuba rakiya, barasar ƙasarmu, ya ɗaga kofi ya ce don waɗanda ke teku, da waɗanda suka zauna a can. Muka sha.

Muna cikin ci ya ce ya yanke shawara, ranar Talata zai gaya wa kwamitin ya amsa laifi. Ya ce kyaftin da ya tsaya jiran takarda mutane na nutsewa bai cancanci jirgi ba, ko mene ne doka ta ce. Desi ta ajiye cokali, ta kira ni uwa da harshenmu, ta ce, "Maiko, ki yi masa magana mana. Ke kina ɗakin, ki gaya masa ba shi ba ne." Na ce ba shi ba ne. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ce uwa ai dole ta faɗi haka.

Ƙaya ta maƙale mini a wuya, ko na ce ta maƙale, na tashi na shiga kicin.

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa musu. Alƙali Harizanov ya nuna mini rajista ya ce rubutuna ne? Na ce nawa ne, amma akwai magana. Na faɗi duka, kofi, taga, injin hagu, jadawalin hutu. Muryata ba ta yi rawa ba, ina alfahari da wannan kaɗai.

Alƙalin ya ɗaga wa mai rubutu hannu ta tsaya. Ya cire gilashi ya goge, ya ce in taso in zo gaban takardar bango. Na je.

"Gospoja Balabanova, nuna mini akwatinki."

Na duba daga sama har ƙasa, ko da yake na san amsar. Na ce babu.

"To kin gani. Ke ba kya ba da umarni, ba kya karɓa, ba kya isarwa. Abin da ke cikin zuciyar mai buga takarda ba hurumin kwamitin nan ba ne."

Na ce mutum biyu sun mutu saboda abin da ke cikin zuciyar mai buga takarda. Ya ce ya fahimci halin da nake ciki, kowace uwa za ta so ta ɗauke wa ɗanta kaya, abin a yaba ne ma. Na gefensa ya ce in aka rubuta wannan, gobe jarida za ta ce rundunar ruwan ƙasa a hannun sakatariya take, wa zai ji daɗi? Suka yi mini godiya. Aka rubuta cewa shaida ta tabbatar da rajista.

Na zo in ba da wuyana, an ce ba a san da zamana ba. Wata uku na zaci zan yi a kurkuku ko shekara uku, na ma shirya wa maƙwabciyata makullin gida saboda kyanwa. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na yau ba, kuma ba ni da ikon in yi kuka da shi.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na tare Zahari da sassafe kafin ya shiga wurin kwamitin. Muka zauna a benci a lambun bakin teku, sanyi na cin kunne. Na gaya masa yadda na gaya musu, ban rage ba, ban ƙara ba. Na kuma gaya masa abin da Keratsa ta zo nema.

Bai katse ni ba. Da na gama ya maimaita, kamar yadda suke yi a jirgi, inda duk abin da aka faɗa wa mutum sai ya mayar da bakinsa don a tabbata ya ji daidai. "Kin san eh yake nufi. Kin rubuta a'a." Na ce haka ne.

Ya tambaye ni in da wani ne kyaftin ɗin fa. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce da na buga takardar.

Ya daɗe yana kallon ruwa. Na ce masa ya zage ni, ya ɗaga murya, komai ma. Na ce jirgin nan da ba zai dawo ba, ni na san abin da na karanta. Ya ce wataƙila. Ya ce mutum ashirin da biyu ne a jirgin, kowa da uwarsa, kuma duk sun sa rigar ruwa sun tsaya a wurarensu ba wanda ya ce ƙafarsa na ciwo.

"Shekara goma sha huɗu ina zaton daga wurin Admiral nake karɓar umarni," in ji shi. Ya tashi ya gyara hularsa, ya ce lokacinsa ya yi.

Na ce to yanzu ai ya san ba laifinsa ba ne, kar ya amsa. Ya ce yanzu ne ma zai amsa, don in ba shi ba, babu wanda zai ɗauka, kuma matar nan tana bukatar fuskar da za ta kalla.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ya amsa. Minti goma, in ji Penka. Alƙalin har ya miƙe ya ba shi hannu.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Na kira, Desi ta ɗauka, ta ce yana wanka. Na sake kira, yana wanka.

Abin da ba zan iya gaya wa limamin coci ba shi ne wannan: in aka mayar da ni ranar, da tagar nan da iskar nan, ban tabbata zan yi daban ba. Ina jin kunyar Keratsa har cikin ƙashina, ina ƙin kaina, kuma duk da haka in na tuna yana can yana numfashi, yana ƙin ɗaukar wayata, sai in ji wani abu ya saki a ƙirjina. Wace irin mace ce wannan, ban sani ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Hukunci ya fito. An sauke Zahari daga riƙon jirgi har abada, an mayar da shi sashen ajiyar kaya na sansani. Admiral zai karɓi lambarsa a watan Afrilu. Gochev ana maganar za a ƙara masa girma zuwa Sofiya. Ni kuma an ce in ci gaba da aikina, ba a same ni da komai ba.

Doka ta ce hafsa ya zo da kansa ya sa hannu cewa ya karɓi takardar, kuma rajistar a teburina take. Ya shigo ƙarfe biyu daidai, kakinsa a goge, ya aske gemu. Penka ta tashi ta fita ba tare da an ce mata ba. Ya cire hula ya sa a hammata, ya tsaya a gaban teburin yadda kowane hafsa yake tsayawa. Na miƙe na ce, Zahari.

"Gospoja Balabanova," ya ce, "a ina zan sa hannu?"

Na nuna masa layin da yatsa.